Daga Giginya Zuwa Titin Jirgi: Sakkwato da Tarihin Tafiya a Sama



'Yan'uwa 'yan asalin Birnin Shehu mazauna Legas, Abuja, Kaduna, Kano, Fatakwal da sauran birane, da yawa daga cikinku ba ku zuwa gida a yanzu sai ta sama, wasu don ƙarancin lokaci, wasu kuwa don halin da hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta shiga a 'yan shekarun nan. Mutum ya sallaci Azahar a Abuja, La'asar ta riske shi a masallacin unguwarsu. Abin ya zama jiki, har ba mu tsayawa mu tambayi kanmu yadda ƙarfe mai nauyin tan hamsin yake tashi sama da mutum ɗari a cikinsa, balle mu tambayi yaushe wannan al'amari ya iso mana. Alhali kuwa garuruwan da jirgin sama ya yi wa hidima kamar Sakkwato kaɗan ne, waɗanda ya sa su kuka irin namu kuwa sun fi ƙaranci. Don haka a bana muka ga ya dace mu waiwayi wannan tarihi tare da ku.

Shekarar 1903

Duk wanda ya zauna ajin tarihi a ƙasar nan ya san ranar 15 ga watan Maris na 1903. A ranar ce rundunar Turawan Ingila ta gwabza da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a filin Giginya. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, a wannan rana ce aka haifi wani yaro a Dange aka raɗa masa suna Abubakar. Shi ne ya hau gadon Mujaddadi a 1938, ya shekara 50 a kai har rasuwarsa a 1988, kuma sunansa ne ke rubuce a ƙofar filin jirgin da kuke sauka yau.

Attahiru bai yarda ya zauna ƙarƙashin Nasara ba. Ya fita ya nufi gabas da niyyar hijira zuwa Makka, jama'a suka yi ta bin sa gari gari, har aka tare su a Burmi ran 27 ga watan Yuli, inda ya yi shahada tare da ɗimbin mabiyansa. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya a ƙasa ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka zauna a bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan, a garin da ake kira da sunansa har gobe.

Ba a cika wata biyar da Burmi ba, ran 17 ga watan Disamba, sai ga wasu 'yan'uwa biyu masu sana'ar kekuna a Amurka, Wilbur da Orville Wright, sun tashi da wani abu na katako da ƙyalle mai ƙaramin inji, a wani rairayi kusa da Kitty Hawk. Tashin farko daƙiƙa 12 ya yi, tsawonsa kuwa kimanin mita 37, wato bai kai faɗin fukafukan babban jirgin da ke ɗibar alhazanmu ba. Babu wanda ya ji wannan labari a Sakkwato, da ma an ji, ba lokacin sauraronsa ba ne. Amma ku dubi ikon Allah: a shekarar da kakanninmu suka kama hanyar gabas da ƙafa, a cikinta aka haifi abin da zai naɗe wannan hanya ya mai da ita tafiyar wuni guda.

Ba su ne farkon masu marmarin tashi ba. Masu tarihi sun ruwaito cewa a ƙarni na 9, wani masani a birnin Ƙurɗuba ta Andalus, Abbas ɗan Firnas, ya ɗaura wa kansa fukafukai ya diro daga tudu, ya ɗan yi shawagi, amma ya ji ciwo a baya wajen sauka, don bai yi wa kansa wutsiya ba. Abin da 'yan gidan Wright suka fi na gabansu da shi ke nan: sun gane cewa tashi ba shi ne wuya ba, wuyar ita ce sarrafa abin bayan ya tashi.

Hanyar gabas kafin jirgi

Yaran yanzu ba za su fahimci abin da kalmar Alhaji take nufi a da ba sai an ba su labarin hanyar. Maniyyaci yakan raba gadonsa, ya biya basussukansa, ya nemi gafarar dangi, domin ba a sa masa ran dawowa. Daga nan sai Kano, sai Barno, sai Fort Lamy, wato Njamena ta yau, sai Abashe, sai Aljinaina da Alfashir a Darfur, har Al'ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa zuwa Hartum. Daga can a nemi Sawakin a bakin Bahar Maliya, a tsallaka zuwa Jidda. Guzuri ba ya isa, saboda haka akan tsaya a yi ƙodago a tara na gaba. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, mutanenmu da yawa can suka riƙa yin shekaru suna aiki. Wani ya dawo bayan shekara biyar, wani bayan goma da mata da 'ya'yan da aka haifa a hanya, wani kuwa shiru har yau. Zuriyarsu ce ake kira Fallata a Sudan, Takari kuma a Hijaz.

A wannan shekara ta 1925 ce jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya. Jirage uku ne na sojan saman Ingila, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Sun taso daga Halwan kusa da Alƙahira, suka sauka Kano ran 1 ga watan Nuwamba, a filin sukuwa, domin babu wani fili da aka tanada. Abin lura a nan shi ne hanyar da suka biyo: Hartum, Alfashir, Fort Lamy, Maiduguri, Kano. Hanyar alhazai ce aka juya kanta. Jiragen wancan zamani ba su iya doguwar tafiya ba tare da sun sauka sun sha mai ba, dole suka bi inda akwai garuruwa da rijiyoyi, garuruwan nan kuwa sawun matafiya ne ya raya su tun ƙarnuka da suka shuɗe.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano da wasiƙu da 'yan fasinjoji. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai hanyar ta zama jijiya: ana kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Masar. Dubban jirage sun bi ta nan, kuma filayen da aka gyara dominsu su aka gada bayan yaƙi. A 1946 aka kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma na ƙasashe huɗu da ke hannun Ingila, wanda daga cikinsa Nigeria Airways ya fito a 1958. 'Yan kasuwar Kano irin su Alhaji Mahmudu Ɗantata suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai a 1948, wadda ta bar wa wata unguwa a Fagge sunan Wapa. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya fara sauke farali a 1955, kuma yawan zuwansa ƙasa mai tsarki bayan haka ya ƙara cire wa mutanen Arewa tsoron jirgi.

Garin da dogo bai iso ba

Bahaushe bai wahalar da kansa wajen neman suna ba. Yana da jirgi tun asali, na fito a gulbi, sai ya ce wannan na ƙasa, wancan na sama. To amma mu Sakkwatawa ba mu ga na ƙasa a ƙofar gidanmu ba. Dogo ya isa Kano a 1911, reshen da aka ja daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929, bai ƙara taku ɗaya ba har ranar da muke wannan rubutu. Saboda haka daga jaki da raƙumi da babbar mota muka tsallaka zuwa jirgin sama kai tsaye. Wannan ya sa filin jirgi ya fi nauyi a wurinmu fiye da yadda yake ga Bazazzagi ko Bakano.

Tsohon filinmu ƙarami ne, na jirage masu farfela, irin Fokker F27 da aka fi sani a hanyoyin cikin gida. Da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sa'an nan ta Jihar Sakkwato a 1976, gari ya yi ta faɗaɗa har ya haɗiye shi. Yau gidaje da makarantu ne a wurin, sunan kawai ya rage wa unguwar, kuma yara da yawa da aka haifa a cikinta ba su san dalilin sunan ba. Sabon filin da ke wajen gari an buɗe shi a farkon shekarun 1980, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, da titi mai tsawon mita 3,000, wanda manyan jirage za su iya sauka a kai. Daga nan maniyyatan wannan yanki suka huta da kwanan Kano. Tsakaninmu da Jidda kimanin kilomita 3,700 ne, tafiyar awa biyar ko ƙasa da haka. Sai dai a 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma zagaye, lokaci ya ƙaru, kuɗi ma haka. Ashe har a sama hanyarmu ba ta rabu da Sudan ba.

Me ke riƙe da shi a sama?

Mu malaman makaranta muna da wani ɗan gwaji da muke nuna wa 'yan aji shida. A yanki takarda siririya, a riƙe ta ƙarƙashin leɓe, a hura iska ta samanta: maimakon ta sunkuya, sai ta miƙe. Wanda kuma ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu, ya ɗan karkata shi sama, ya ji yadda iska ke ɗaga hannun. Sirrin fiffike ke nan. An ƙera shi da ɗan doro a sama, an kuma kafa shi a ɗan karkace, ta yadda idan ya kutsa cikin iska da gudu zai tanƙwara ta ya tura ta ƙasa. Matsin iskar da ke samansa ya ragu, na ƙarƙashinsa ya fi ƙarfi, sai a sami ɗagawa. Idan ɗagawar ta rinjayi nauyin jirgi da duk abin da ke cikinsa, sai ƙafafunsa su bar ƙasa.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, fiffike ba ya aiki sai iska na gudu a kansa. Aikin inji ke nan. Injin jirgin zamani yana zuƙar iska ta gaba, ya matse ta, ya gauraya ta da mai, wanda ɗan'uwan kananzir ne, ya ƙona, ya feso ta baya da ƙarfin gaske, shi kuma jirgi ya ingizu gaba, yana yaƙi da turjiyar iskar da ke ja masa baya. Babban jirgi sai ya kai gudun kilomita 250 zuwa 300 a awa kafin ya ɗaga hanci. Wutsiya, wadda Abbas ɗan Firnas ya manta, ita ke daidaita hancin sama ko ƙasa, dama ko hagu, wasu 'yan filafilai a gefen fukafukai kuma su ke karkata shi idan zai yi kwana. Ku dubi ungulu a saman mahauta da rana tsaka: ba ta kaɗa fiffike, ɗan karkata shi kawai take yi tana hawan iska mai zafi. Daga kallon irin wannan 'yan gidan Wright suka ɗauki darasi.

Akwai iyaka guda da kowane matuƙi ya haddace. Ƙara ɗaga hanci yana ƙara ɗagawa, amma zuwa wani mizani kawai. Idan karkatar fiffike ga iska ta wuce kimanin digiri 15, iskar sai ta daina bin doronsa, ta wargaje, ɗagawa ta gushe nan take, jirgi ya soma faɗowa ko da injinansa na ruri. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

A can sama, tsakanin mita 10,000 da 12,000, iska ta yi ƙaranci har mutum ba zai iya numfashi ba, sanyi kuwa ya kai digiri 50 ƙasa da sifiri. Shi ya sa ake rufe jirgi ruf, a riƙa cusa masa iska daga inji. Toshewar kunne da kuke ji wajen sauka daga canjin matsin nan take.

Zafi, hazo da hadarin gabas

Wanda ya zauna kusa da taga zai ga lamba 08 a bakin titin jirginmu ta gefe ɗaya, 26 ta ɗaya gefen. Ba ado ba ne. Lambobin na nuna inda titin ya fuskanta a kan kamfas, wato kusan gabas da kusan yamma. Jirgi yana son ya tashi ya kuma sauka yana fuskantar iska, domin iskar da ke bugo shi ta gaba kyauta ce ga fiffike, tana rage masa gudun da zai yi a ƙasa. Da hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take, da damina kuwa daga kudu maso yamma. Saboda haka gefen da jirginku ya bi ya sauko a watan Janairu, da wuya ya zama shi ne na watan Agusta.

Zafinmu ma yana da hukunci a kan jirgi. Iska mai zafi sakwaf take, ba ta da kauri. A watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato, fiffike ba ya samun abin kamawa sosai, inji ma ba ya samun isasshiyar iskar zuƙa. Dole jirgi ya ƙara tsawon gudu a ƙasa ko a rage masa kaya. To, Alhaji da Hajiya, idan ma'aikaci ya ce jakar tsaraba ta wuce awo, ba rowa ba ce. Babban jirgi irin Boeing 747 kan tashi da kusan tan 400, amma an lissafa kowane kilo, an kuma lissafa inda za a ajiye shi don kada gaba ta fi baya nauyi.

Hazo kuwa baƙonmu ne na kowace shekara. Ƙurar tana tasowa daga wani busasshen kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi, iska ta kwaso ta ta lulluɓe mu daga Disamba zuwa Fabrairu. Jirgi na iya tafiya cikin hazo da na'urori, amma a ƙarshen sauka dole idon matuƙi ya ga titi ko fitilunsa kafin ya kai wani tsayi da aka ƙayyade. In bai gani ba, doka ta ce ya koma sama. Mutanen Kano ba su manta da ranar 22 ga watan Janairu na 1973 ba, da jirgin alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka da safiyar hunturu, mutum 176 suka rasu.

Jidda, 1991

Ranar Alhamis 11 ga watan Yuli na 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda da safe zai zo Sakkwato. Na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, wanda aka yi hayarsa da sunan Nigeria Airways don kwaso alhazai. Fasinja 247 ne a ciki da ma'aikata 14. Babu wanda ya tsira. A lokacin ba a cire Kebbi da Zamfara daga Jihar Sakkwato ba, saboda haka makokin ya ratsa wannan yanki gaba ɗaya. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi Hajjinsu.

Mun daɗe muna cewa wa'adi ne, kuma gaskiya ne, babu mai wuce kwanansa. Amma binciken da aka yi ya nuna sababin, kuma sababin ƙarami ne har ya ba da tsoro. Kwanaki kafin ranar, makanikai sun auna tayoyi suka ga biyu ba su da isasshiyar iska. An shirya canza su a Akara, aka fasa, saboda jigila ta makara ana ta matsa wa ma'aikata su cika alkawari. Da safiyar tashi wani bakanike ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a same ta nan kusa ba, wanda ke kula da jigilar bai yarda a jira ba, kuma ba a gaya wa matuƙi ba. Duk direban babbar mota ya san abin da ke faruwa idan taya ɗaya cikin biyu ta yi laushi: 'yar'uwarta ke ɗaukar nauyin duka. Jirgi na cikin gudu a titi sai tayar da ke ɗauke da nauyin ta fashe, ta biyun ta bi ta, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙa ba su san da wutar ba, don babu na'urar da za ta nuna musu. Da suka tashi suka naɗe ƙafafun jirgi kamar yadda aka saba, wato suka shigar da wuta cikin cikinsa, kusa da wayoyi da bututun da ake sarrafa shi da su da tankin mai. Sun juyo za su sauka, amma wutar ta riga su. Jirgin ya faɗi saura ƙasa da kilomita 3 ya kai titi.

A duk tarihin jiragen DC-8 babu hatsarin da ya ci rayuka kamar wannan, kuma har yau ana koyar da shi a makarantun makanikan jirgi. Kamfanin ya durƙushe a 1993.

Abuja, 2006

Shekara 15 bayan haka, ranar Lahadi 29 ga watan Oktoba na 2006, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 ya taso daga Legas, ya ya da zango a Abuja, zai ƙarasa Sakkwato. Mutum 105 ne a ciki. Bai cika minti biyu a sama ba ya faɗi cikin gona kusa da ƙauyen Tungar Madaki. Mutum 96 suka rasu, 9 suka rayu. Cikin waɗanda suka rasu akwai Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, wanda ke kan hanyar sauka a filin da ke ɗauke da sunan mahaifinsa, da ɗansa Sanata Badamasi Macciɗo, da Sanata Sule Yari Gandi, da Mataimakin Gwamna Alhaji Garba Muhammad, da wasu da yawa waɗanda jaridu ba su buga hotunansu ba amma gidajensu ba su daina jin rashinsu ba. Allah Ya gafarta musu. Ran 2 ga watan Nuwamba aka bayyana ƙanensa, Muhammadu Sa'ad Abubakar, a matsayin Sarkin Musulmi na 20.

A wannan karon iska ce. Kowane manomi ya san sanyayyar iskar da ke riga ruwa isowa idan hadari ya haɗo daga gabas, wadda ke yaye rufin kwano. Asalinta wani ginshiƙin iska ne mai sanyi da ke zubowa daga cikin girgije, ya daki ƙasa ya watsu ko'ina, kamar ruwan da aka kwara daga guga. Jirgin da ya shiga cikinsa yana tashi, da fari iska za ta buge shi ta gaba ya ji ƙarfi, sai ta danne shi daga sama, sa'an nan ta juyo ta bayansa. A daƙiƙu kaɗan gudun iskar da ke kan fiffike ya zube. Masu bincike sun ce an sanar da matuƙan halin da iska ke ciki kafin su tashi, suka zaɓi tafiya, kuma da abin ya same su ba su bi ƙa'idar kuɓuta daga irinsa yadda ya kamata ba. Hanci ya ɗaga fiye da kima, aka wuce iyakar nan da muka ambata, fiffike ya saki. Irin wannan iska ba ta daɗewa, sau da yawa jiran 'yan mintuna ya isa ta wuce. Da muguwar rawa, in ji magabata, gwamma ƙin tashi.

Wannan shi ne hatsari na uku mai girma cikin kimanin shekara guda, bayan na Bellview a watan Oktoba na 2005 da na Sosoliso a Fatakwal a watan Disamba. Kafin 2006 ta ƙare aka sa hannu a sabuwar dokar sufurin jiragen sama, wadda ta ƙarfafa hukumar NCAA mai sa ido, ta kuma kafa hukumar binciken hatsari mai zaman kanta. An tilasta wa kamfanoni ƙara jari, waɗanda suka kasa suka rufe, aka soma girka na'urorin gargaɗin juyin iska a manyan filaye. ADC bai sake tashi ba.

Abin da ya rage a hannunmu

Mun tsawaita a kan waɗannan ranaku biyu ne saboda wata ɗabi'a da muke gani a ɗakunan jiran jirgi, kuma ba mu cire manyanmu daga ciki ba. Da zarar an ce an jinkirta tashi saboda yanayi ko don makanikai na duba wani abu, sai hayaniya ta kaure, wani ya ce yana da ɗaurin aure ƙarfe biyu, wani ya ɗauko waya zai kira wane. Lalle akwai jinkirin da sakacin kamfani ne, kuma fasinja na da haƙƙin a gaya masa gaskiya, a ba shi abinci, a mayar masa da kuɗinsa idan an soke tafiya. Wannan a nema, da hujja da ladabi. Amma matsa wa matuƙi ya tashi cikin hadari, ko bakanike ya sa hannu kafin ya gamsu, ɗan Sakkwato ne ya fi kowa cancantar ƙin yin haka, tun da ya san abin da gaggawa ta jawo a Jidda.

Na biyu, filin kansa. Yadda gari ya cinye tsohon fili, haka yake matsowa ga sabon. Masu sayen fuloti a wannan shiyya, kuma da yawansu kuna cikin masu karanta wannan mujalla, su sani cewa dogon gini da juji da mahauta ba su zama maƙwabtan titin jirgi. Juji na tara tsuntsaye, tsuntsu guda kuwa in ya faɗa inji ya isa ya kashe shi. Shinge ma ba ado ba ne: a watan Yuli na 2005 wani jirgin Air France ya afka cikin garken shanu yana sauka a Fatakwal, Allah Ya sa ba a rasa rai ba.

Na uku shi ne 'ya'yanmu. Tun 1964 ake da Kwalejin Fasahar Jiragen Sama a Zariya, tafiyar wuni ɗaya daga nan. Ba matuƙa kawai take yayewa ba. Tana horar da injiniyoyin da ke duba taya da inji, da masu zama a hasumiya suna ba jirage umarni, da masu kula da na'urorin sadarwa. Hukumar NiMet kuma na bukatar masana yanayi da suka san hazo da hadarin gabas tun suna yara. Karatun tuƙi yana da tsada ƙwarai, ya fi ƙarfin yawancin iyaye, amma sauran fannonin ba su kai shi ba, kuma ƙofarsu ɗaya ce: lissafi, fiziks, Turanci da labarin ƙasa tun daga sakandare. Muna ba kwamitin ilimi na wannan ƙungiya shawara ya ware gurbi ko da ɗaya ne kowace shekara cikin tallafin karatun da yake bayarwa, don yaro ko yarinyar da ta sami shiga Zariya. Haka nan a nemi izinin hukumar FAAN a riƙa kai 'yan aji shida na makarantun cikin gari ziyara filin jirgi, su hau hasumiya, su ga ma'aunin iska, su tsaya kusa da tayar jirgi su ga ta kai ƙirjinsu. Motar haya biyu da abincin rana ne duk abin da tafiyar za ta ci, kuma watan Nuwamba ya fi dacewa, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazo ya sauko.